Wushiryar Goggo

Goggo ta rasu wata Talata da hantsi, a ɗakinta na gidanmu na Salaga, ana tsakiyar haƙar sabuwar doya. Yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ina rarrafe har ta kai ni ɗakin miji. An yi jana'izarta bayan la'asar. Ni ina Bawku, ban samu gawa ba, sai washegari da yamma muka iso ni da 'yata ta fari, ƙafafunmu a kumbure saboda zaman mota.

A ƙofar gida maza suna ƙarƙashin rumfa suna faɗin abin da aka saba faɗi. Mai zumunci ce, mai haƙuri ce. Zumunci kam na yarda. Haƙuri kuwa ban san wadda suke nufi ba, don Goggo ba ta taɓa ajiye shi a ɗakinta ba. Sai da na shiga cikin gida wurin mata na ji ana maganar matar da na sani.

Wata maƙwabciyarmu ta dā ta zo tun daga Yendi, yanzu har ta yi jikoki. Ta gama addu'a, ta shafa, sannan ta ce da irin Hausarsu ta Zango: "Hajiya ya ce hancina ya tashi da wuri, ya bar fuska a baya. Har yau in na duba madubi sai in ji muryanshi."

"Ke taki da sauƙi," in ji wata mai sayar da hatsi a kasuwar Salaga. "Ni ce mini ta yi goshina ya isa a shanya barkono."

Aka sunkuyar da kai, mayafai suna rawa, kowa na danne dariya saboda gidan makoki ne. Mutum ɗaya ce ba ta danne komai ba, 'yar kawuna, wadda muka tashi tare. Ta ce: "Allah ya yafe mata. Ni dai na yafe. Amma tun ranar da ta ce ba ni da haɓa ban sake yarda an ɗauke ni hoto ta gefe ba." Aka ci gaba da raba goro.

'Yata tana zaune a lungu, gefen mayafinta a kan bakinta kamar kullum. Shekara biyu ke nan rabon da in ga dariyarta a fili. Labarinta da na Goggo a haɗe suke, shi ya sa na zauna rubuta wannan. In na yi shiru, nan da 'yan shekaru abin da zai rage na Goggo shi ne mai zumunci ce, mai haƙuri ce, kuma wannan ana faɗinsa a kan kowa.

Goggo mai awon fuska ce. Ba sana'a ba ce, ba wanda ya naɗa ta, ba kuma wanda ya iya hana ta. Kakanninmu fataken goro ne, kuma ko da ta taso fataucin ya ja baya, gidan ya koma doya da hatsi, an ci gaba da zaunar da 'yan mata suna ware goro, manya gefe ɗaya, ƙanana gefe ɗaya, mai tabo a kwandonsa. Ta ce a nan idonta ya buɗe. Daga goro ta koma kan mutane.

Ba ta auna ƙananan yara, wai ba su da fuska tukuna. Ba ta auna manya, wai tasu ta riga ta bushe. Masu tasowa take jira, daga sanda yarinya ta fara tsayawa gaban madubi zuwa aurenta. Sai ta kira ta, ta zaunar da ita a bakin ƙofa inda haske yake, ta jera yatsunta daga gashin goshi zuwa gira, daga gira zuwa ƙasan hanci, daga nan zuwa ƙarshen haɓa. In ukun sun zo daidai sai ta gyaɗa kai. Tsakanin idanu biyu ya ɗauki faɗin ido ɗaya. Gefen baki ya tsaya saitin ƙwayar ido. Amma ba ta yanke hukunci sai ta ga dariya, don haka sai ta yi ta tsokanar yarinya, ta kwaikwayi tafiyar ubanta ko tarin limamin unguwa, har sai baki ya buɗe. A nan take duba ko dasashi ya fito da yawa, ko haƙoran gaba biyu sun ɗan ɗara na gefensu tsawo kamar yadda take so.

Wushirya ita ce ƙarshen magana a wurinta. Tana da ma'auni, tsinken tsintsiyar kaba. In tsinke ya shiga tsakanin haƙoran gaba ba tare da an tura ba, kuma bai yi lilo ba, wannan wushirya ce. In ya ƙi shiga, babu. In ya shiga yana yawo, giɓi ne, Allah ya ba da haƙuri. Mata da yawa a garuruwa uku sun san ɗanɗanon tsintsiyar Goggo.

Nawa awon an yi shi a Yendi, inda ta yi aure, ina 'yar aji ɗaya a sakandare. Ba ta kiran sunana don sunan mahaifiyarta ne, sai ta ce Mai sunan Inna. Ta jera yatsu, ta sa ni dariya, ta ja baya ta dube ni. Ta ce: "Mai sunan Inna, ke ba abin da za a rage, ba abin da za a ƙara, ba kuma abin da zai sa a waiwayo." Na ji zafin maganar ƙwarai, na shiga bayan gida na yi kuka. Da daɗewa na gane ita a ganinta yabo ta yi mini.

Mahaifina dillalin dabbobi ne, mutum mai sanyi, amma a kan wannan ɗabi'a sun taɓa yin faɗa sosai. Bayan maganar haɓar 'yar kawuna ne, yarinyar ta ƙi cin abinci. Ya same ta ya ce: "Yaya, ki ji tsoron Allah. Halittarsa kike yi wa gyara."

"Ni ban ce ya yi kuskure ba. Na ce ga inda ya cika, ga inda ya rage."

"To ina ruwanki?"

"Kai ina ruwanka da haƙoran rago da kake buɗe masa baki kafin ka saya?"

"Yaran mutane ba raguna ba ne."

Suka daina magana har Sallah ta zagayo. Shi ya zo ya gaishe ta don shi ne ƙarami. Ba ta daina awo ba, amma daga lokacin in ta faɗi aibi sai ta ɗora da dabara. Mai faɗin goshi ta sauko da ɗankwali. Mai gajeren wuya ta bar manyan 'yan kunne. Maƙwabciyar nan ta Yendi mai hanci, Goggo ta riƙa kiranta kowace safiya ta sha koko a wurinmu, tana ce mata hanci da haƙora su ke riga sauran fuska girma, ta jira, kumatu suna hanya. A wurin makokin matar ta ƙarasa labarin da kanta: "Kuma gaskiya ya faɗa. Fuskan ya zo ya same shi." 'Yar kawuna ita ba ta samu wannan ba, don nata awon ya riga gyaran hali.

Abin da ya ba Goggo bakin magana shi ne nata bakin. Wushiryarta ba ta da ta biyu. Haƙora farare a jere, har ta tsufa ba wanda ya girgiza. Sa'o'inta suna cin fure da goro bakinsu ya yi jawur, ita ko kusa. 'Yar gidan goro ce amma ba ta taɓa gatsa goro a gabana ba, sai ta gurza shi a murfin gwangwani mai huji ta zuba a baki, tun tana da ƙarfinta. Gasasshiyar masara sai ta ɓare ta da hannu. Da ta dawo daga aikin hajji ba ta sa haƙorin Makka ba, aka yi ta tambaya, ta ce ba mai taɓa mata baki. Tana kuma da wani ɗan kwano mai murfi a ƙarƙashin gado, wanda ba a taɓawa. Mun ɗauka rubutun sha ne. Na girma a ɗakinta, tana riga ni tashi tana bin bayana wajen kwanciya, ban taɓa haɗa waɗannan abubuwa wuri ɗaya ba.

Allah bai ba ta haihuwa ba. Da mijinta ya rasu ta biyo ni Bawku, tana sarin albasa tana aikawa kudu. A hannunta 'yata ta tashi. Da yarinyar ta yi famfara, sababbin haƙora suka fito da 'yar ƙofa a tsakani, Goggo ta sa aka yanka zabi biyu kamar an yi suna. Duk zuriyarmu, in ji ta, su biyu kaɗai Allah ya ba. Daga ranar ta sa mata suna Magajiya. In baƙi sun zo sai ta ce: "Magajiya, zo ki yi musu dariya su ga abin da ake kira baki."

Da tsufa ya kama ta sai ta ce a mai da ita Salaga, ba ta son a binne ta a ƙasar da ba ta san kakanninta ba. Ta koma. Bakin Magajiya kuwa bai tsaya inda ta bar shi ba. Ƙofar ta yi ta faɗi, haƙoran gaba suka turo waje, har in tana barci leɓenta ba ya rufuwa. Muna zuwa Salaga duk Sallah, Goggo tana gani. Matar da ba ta ƙyale 'yar kowa ba, ba ta taɓa ɗaukar tsinke ta nufi wannan yarinya ba.

'Yan makarantarsu ta kwana a Navrongo su suka yi awon. A lokacin hutu suna da wani abu a waya, in aka ɗora hoto sai ya zana layuka a fuska, ya raba ta gida uku, ya auna tsakanin idanu, ya ba da maki. Da na gani sai da na yi tsaki, don yatsun Goggo ne aka zuba a waya, sai dai ita wayar ba ta ba da koko. Wata ta ɗora hoton Magajiya ta tura wa kowa. Suka sa mata suna Boda, wato kan iyaka, wai babbar mota za ta wuce ta bakinta ba a tsayar da ita ba.

Ta daina dariya. In abu ya ba ta dariya sai hannu ya riga bakin. Malamarsu ta ce ta daina ɗaga hannu a aji, ita da ake kora saboda surutu. Na ce ƙuruciya ce, zai wuce. Sai wata safiya ina kakkaɓe shimfiɗarta na ga jini a matashi. Ashe 'yar robar ɗaure gashi take zagaya wa haƙoran biyu ta kwana da ita, wai ta gani a waya haka ake matse su. Dasashinta ya kumbura, haƙori ɗaya ya fara motsi. Na tsorata ƙwarai. Na ƙwace robar, ta sami wata.

Babbar Sallah ta zo muka tafi Salaga. Bayan an ci nama na kawo maganar likitar haƙori a Tamale, wadda ke sa waya ta gyara jeri. Goggo ta ajiye murfin gwangwaninta.

"Ba mai ɗaure wa Magajiya baki da waya kamar akurkin kaji. Abin da wasu ke nema ido rufe."

"Goggo, yarinyar nan ba ta dariya."

"Za ta yi. Leɓe zai girma ya rufe. Ni na san fuska."

Magajiya tana gefe tana yanka albasa. Ba ta ɗago ba ta ce: "Kaka, kin auna kowa a garin nan. Ni me ya sa ba ki taɓa auna ni ba?"

"Ke ai ba kya bukata."

"Don kin san ba zan ci ba ne."

Na daka mata tsawa, na ce ta ba da haƙuri. Ta tashi ta shige ɗaki. Goggo ta ɗauki gurzajjen goronta ta zuba a baki. A nan na gaya mata maganar roba da jinin da na gani. Ta daina tauna. Ta tambaye ni ko haƙorin ya canja launi, na ce a'a. Ta sake tambaya, na sake cewa a'a. Ranar ko tuwo ba ta ci ba.

Washegari bayan an karya kumallo ta kira mu ɗakinta mu biyu, ta ce in saki labule. Ta jawo ɗan kwanon nan daga ƙarƙashin gado ta buɗe. Ruwa ne kawai a ciki. Ta sa yatsu biyu a baki, ta ciro haƙoranta na sama guda huɗu a jere, manne da wani ɗan faranti mai launin dasashi, ta saka su a ruwan.

Leɓenta na sama ya faɗa ciki. Tsakanin hanci da haɓa ya tsuke. Matar da ta raine ni ta ɓace, wata tsohuwa da ban sani ba ta zauna a wurinta. Wushiryar da garuruwa uku suka sani tana kwance a gindin kwano. Na rasa inda zan sa idona, kunya ta kama ni kamar na same ta tana wanka.

Ta yi magana, iska na fita ta giɓin, sai da muka matso. Ta ce tana kamar shekarun Magajiya haƙoranta a matse suke kamar ƙwayar masara, lafiyayyu, ko tsinke ba ya shiga. A dandali kuwa makaɗa masu wushirya suke yi wa kirari, samari su suke bi. Akwai wani maƙerin azurfa a bayan kasuwa, mai yin 'yan kunne, wanda 'yan mata suka san yana buɗe wushirya a ɓoye. Ta saci goro a gida ta kai masa, ita da ƙawarta. Ya ba ta guntun itace ta ciza, ƙawar ta riƙe mata kai, ya sa ɗan magagarinsa na gyaran zobe ya yi ta gurzar tsakanin haƙoran. Ta ce ƙarar ta fi zafin, har yau ba ta iya tsayawa kusa da mai wasa wuƙa.

"Na samu abin da nake so," in ji ta. "An yi mini kirari. Mijina da bakinsa ya ce ita ya fara gani."

A Yendi, bayan aure, haƙoran suka fara tsami in ta sha ruwan randa. Suka yi duhu, fuska ta kumbura, aka cire biyun a asibiti, na gefensu suka bi su. Ta yi shekaru tana magana ta bayan mayafi, dangin miji suna yaba kunyarta. Daga baya mijin ya kai ta Kumasi aka yi mata na roba, kafin a kawo ni hannunta. Mai yin haƙoran ya jera su a matse, ta ce ba ta karɓa ba. Ta fita waje ta karyo tsinke ta ba shi, ta ce ya buɗe daidai wannan. Duk sanda aka sake mata wasu, da tsinkenta take zuwa.

Magajiya ta daɗe tana kallon kwanon. Ta ce: "Kaka, kin yi da-na-sani?"

"Na haƙora, na yi. Na wushirya, ban yi ba."

Ta miƙa hannu bayan ƙofa ta karyo tsinke daga tsintsiyarta, ta ce yarinyar ta matso bakin haske ta buɗe. Tsinken ya shiga yana yawo. Ta haɗa biyu, suka shiga. Ta jefar da su.

"Magajiya, taki ta wuce. Na gani tuntuni, bakina ne ya ƙi faɗa. A je wurin likita. Amma in na sake jin kin sa roba, da hannuna zan ba ki kwanon nan ki fara sabawa." Ta mai da haƙoranta, fuskarta ta dawo. "Abu ɗaya nake roƙo. A bar miki ta tsinke ɗaya."

"Ni duka nake so a rufe."

Goggo ta dube ta, ta dubi kwanon. Ta ce: "Bakinki ne." Muna fita ta ce da ni kada wanda ya ji wannan magana tana raye, in ta mutu mu faɗa, ba za ta ji ba.

Ta ce sai ta raka mu Tamale, da ciwon gwiwarta da komai. Likitar mace ce, matashiya. Ta ɗauki hotuna, ta auna da ɗan ma'auninta, ta ce haƙorin da ke motsi zai tsira tunda an zo da wuri. Goggo ta gyara zama ta ce leɓen ai zai girma ya rufe da kansa. Likitar ta ce a'a, Hajiya, wannan ba zai rufe ba sai an mai da haƙoran baya, kuma barinsu a waje yana busar da dasashi. Goggo ta yi ƙunƙuni amma ba ta musa ba. Sannan ta kawo maganar tsinke. Likitar ba ta yi dariya ba. Ta ce ana iya tsayawa duk inda ake so a sa abin da zai riƙe, amma mai bakin za a tambaya. Mai bakin ta ce duka.

Muka dawo Salaga. Goggo ta hana mu komawa Bawku a makon, ta ce ni ban san abin da mai ciwon baki ke ci ba. Ta yi koko mai kauri, ta yi tubani mai laushi, ta daka naman Sallah ya zama dambu, ta zauna tana kallon yarinyar tana haɗiya. In Magajiya ta ce haƙoran suna ja, sai ta ce ta kurkure da ruwan ɗumi da gishiri, kada ta sha na randa. Ba ta sake ambaton wushirya ba, ko a waya.

Haƙoran suka fara komawa, ƙofar tana tsukewa a hankali. Na zaci dariya za ta dawo, ba ta dawo ba. Dā giɓi take ɓoyewa, yanzu waya. Hannun ya riga ya saba da hanyarsa. Ranar ƙarshe da suka ga juna, Goggo ta kwaikwayi tafiyar mahaifina da tarin liman, duk abin da ya saba yi mata aiki, yarinyar ta yi murmushi baki a rufe. Goggo ta ce da ni a hankali: "Wannan kam ban iya ba." Ta rasu saura 'yan watanni a cire wayar.

Ranar sadakar uku, bayan an raba waina mutane sun ragu, tsohuwar da ta yi wa Goggo wanka ta kira ni ɗakin. Ƙawarta ce tun ƙuruciya, bakinta jawur da goro, haƙoranta nata ne duk da sun gajarce. Magajiya ta biyo ni, 'yar kawuna ma ta shigo neman tabarma. Tsohuwar ta ɗauko ɗan kwanon ta miƙo mini.

"Ba a binne mutum da abin da ba nasa ba. Ga shi, ke ce 'yarta."

Na ce ashe ta sani.

"Ni na riƙe mata kai. Bayanta ni ce a layi. Da na ga jini na ce zan je in dawo." Ta taɓa bakinta. "Har yau ban koma ba."

'Yar kawuna ta leƙa kwanon. Ta daɗe tana kallo, hannunta a kan haɓarta. Ta ce: "Ashe ita ma an auna ta." Ta ɗauki tabarmar ta fita, na ji tana fyace hanci a tsakar gida.

Tsintsiyar tana nan bayan ƙofa. Magajiya ta karyo tsinke, ta ciro haƙoran daga ruwa, ta zura shi a tsakani. Ya shiga ba turawa, ya tsaya ba lilo. Ta mai da su. Sannan ta je gaban ɗan madubin Goggo da ke rataye a ƙusa, ta ɗage leɓe, ta lallaɓa tsinken ta ƙarƙashin waya zuwa tsakanin nata haƙoran. Ta saki hannu. Tsinken ya tsaya cak, yana kallon madubi.

Ban san abin da ta gani ba, ko kanta da tsinke a baki, ko Goggo tana miƙa wa mutumin Kumasi nasa. Dariya ta ƙwace mata, irin ta dā mai ƙara, har tsinken ya faɗi. Waya a waje, dasashi a waje, hawaye na zuba, hannayenta biyu suna gefenta. A tsakar gida wata ta ce wace ce wannan a gidan makoki. Tsohuwar ta leƙa ta ce a ƙyale ta, jika ce.

Da dariyar ta lafa Magajiya ta sunkuya ta ɗauki tsinken, ta goge shi da gefen mayafi ta ƙulle a ciki.

Ta juyo ta ce da ni: "Mma, in mun bi ta Tamale, zan ce wa likita ta tsaya nan."

Kwanon yana wurina a Bawku, a ƙarƙashin gado, ban san abin da zan yi da shi ba. Allah ya jiƙan Goggo, ya yafe mata abin da bakinta ya ɓata, ya saka mata abin da ya gyara. In an tashe ta, ya ba ta wushirya tata ta kanta, wadda magagari bai taɓa ba.